Tambaya da Amsa: "Kullum ina ɗora kaya a sitatus amma ciniki shiru"

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙo biyu na zaɓo wannan makon, duka daga nan Zariya suka fito kuma duka a kan kasuwanci ta waya ne, shi ya sa na haɗa su.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni matar aure ce a Tudun Wada, ina saro atamfofi da mayafai daga Kantin Kwari a Kano, ina kuma haɗa turaren wuta da humra da hannuna. Ba ni da shago, a ɗaki nake ajiye kayan. Kullum sai na ɗora a sitatus na WhatsApp, kusan mutum 200 ke kallo, wasu su ce masha Allah wasu su tambayi kuɗi, daga nan shiru. Maigida har ya fara cewa kuɗin data kawai nake ƙonawa. Wata ƙawata ta ce in biya wata mai mabiya da yawa a Instagram ta yi min talla. Don Allah sana'ar nan ta waya tana da amfani kuwa, ko in haƙura?

AMSA: Ƙanwata kar ki haƙura, tana da amfani wallahi, kuma mu matan da ke cikin gida mun fi kowa cin moriyarta. Ki tuna yadda iyayenmu suke yi, ko dai a ba dillaliya ta zaga gida-gida ta ɗora nata a kai, ko a ɗora wa ƙaramar yarinya faranti ta yini a titi ƙawayenta suna aji. Yau kina zaune a ɗakinki mace a Samaru ko Wusasa ta ga kayanki ta turo kuɗi ki ba ɗan acaɓa ya kai mata, 'yarki kuma tana makaranta. Ko wannan kaɗai ya isa in kare sana'ar nan a gaban kowa.

Matsalarki ba wayar ba ce, masu kallon ne ba sa canzawa. Sitatus ba ya zuwa wa kowa sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki, kenan mutum 200 ɗin nan danginki ne da dangin miji da 'yan ajinku na Islamiyya, su ne jiya su ne yau, kuma ba wanda ke sayen atamfa kowane mako. Sabon ido kike buƙata. Facebook da Instagram da TikTok can ne baƙo da bai san ki ba zai iya cin karo da kayanki, WhatsApp kuma nan ake gama ciniki. Ki buɗe shafi ko da ɗaya ne ki sa lambarki, sannan duk wadda ta saya ta ji daɗi ki roƙe ta ta ɗora hoton a nata sitatus ɗin da lambarki a jiki, don mace ta fi yarda da abin da ta gani a jikin ƙawarta fiye da duk wani talla.

Abu na biyu, don Allah ki riƙa rubuta kuɗin kaya a jikin hoto. Wannan ɗabi'ar ta "a yi min magana ta ciki" tana korar mutane fiye da yadda kuke zato, mu da kunya, mace za ta ji nauyin ta tambaya a faɗa mata kuɗi ya fi ƙarfinta, gara ta wuce kawai. Kuma ki ɗauki hoton da kanki da rana a tsakar gida, kar ki ɗauko na masu sari wanda aka ƙara wa haske, in kala ta bambanta da abin da ya isa hannunta kin rasa ta kin rasa duk wadda za ta ba labari. Hoto biyar masu kyau sun fi arba'in da za ki jera har mutum ya gaji da dannawa.

Ki kuma duba garin da kike. Zariya garin ɗalibai ne, ga jami'ar ABU a Samaru da Kongo, ga Jami'ar Ilimi ta Tarayya (tsohuwar FCE), ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, 'yan matan nan ba atamfa mai tsada za su saya ba amma mayafi da ƙaramar kwalbar humra sai su ɗauka, su ma kai wa iyayensu tsaraba. Sai dai kar ki jingina da su kaɗai, masu sana'a a Samaru ba za su manta yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022 ba, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Maganar biyan mai mabiya da yawa, ni ban hana ba amma ban ce ki yi gaggawa ba. Mabiya daban masu saye daban, wasu ma sayen mabiyan suke yi da kuɗi. Ki tambaye ta mutanenta 'yan ina ne, in yawancinsu a Legas ko Fatakwal suke, kuɗin mota kaɗai zai cinye ribar turarenki. Kafin ki kashe ko sisi ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 aka fito da shi, yana da wurin jera kaya da farashinsu da kuma alamar da za ki raba wanda ya biya da wanda ake bi bashi.

Sannan ki sayi littafi, na takarda nake nufi. Duk wadda ta saya ki rubuta sunanta da lambarta da abin da ta saya da inda ta fara ganin ki. Shafin nan da kike gani naki aron gida ne, mai gida zai iya rufe ƙofa ba tare da ya tambaye ki ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida, don duk kamfani ɗaya ke da su. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yuni 2021 har Janairu 2022, a Zamfara kuma an katse layukan waya gaba ɗaya a Satumba 2021. Wadda ke da lambobin kwastomominta a rubuce ko shafi ya tafi za ta iya nemo su. A littafin nan ki riƙa sa kuɗin data cikin abin da kika kashe, ƙarshen wata ki nuna wa maigida lissafin, shi zai fi gamsar da shi fiye da musu.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni matashi ne a cikin birni, ɗinkin manyan riguna muka gada a gidanmu, aikin hannu, aska biyu da aska takwas. Na buɗe shafi a Facebook, wani ya ce daga Abuja yake ya yi odar riga, ya turo min hoton rasit na tiransifa, na kai tasha na ba direba, har yau kuɗi ba su shigo ba kuma ya toshe ni. Baba ya ce in rufe shafin. Me zan yi?

AMSA: Ƙanina sannu, Allah Ya mayar da alheri, na san irin wahalar ido da ta baya da ke cikin riga ɗaya. Ka kai ƙara wurin 'yan sanda da lambarsa da duk hirar da kuka yi. Nan gaba kuwa hoton rasit ba kuɗi ba ne, ko saƙon alat ma ana ƙirƙirar na bogi, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da kowa ya koma tiransifa 'yan damfara suka ƙware a kai. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna da idonka kafin kaya su bar hannunka. Aiki irin naku ka karɓi rabin kuɗi kafin a sa allura, cikon kafin ka nufi tasha, ka ɗauki hoton kayan a ɗaure ka tura wa mai su lambar direba. Shi ma mai saye tsoron ka yake ji, to in da hali ka yi rajistar sunan sana'arku a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusu da wannan sunan. Kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, WhatsApp ɗinka yake son kwacewa, kashe wayar.

Baba yana da gaskiyar jin zafi, amma ka lallashe shi ka bar shafin. Mutane da yawa yanzu ba sa bambance aikin hannu da na inji, shi ya sa suke raina kuɗinku. Ka nemi izininsa ka ɗauki bidiyon hannunsa yana aiki, tun daga zane har a gama wuyan riga, ka ɗora kaɗan-kaɗan ka rubuta tsawon lokacin da aikin ya ci. Wanda ya kalli wannan da wuya ya taya rigar da kuɗin ta inji.