Jakunkunan Iska a Bayan A-kori-kura: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Ina da Toyota Hilux mai ƙofa huɗu wadda nake ɗauko hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Idan na ɗora buhu 12 na masara sai bayanta ya zauna, gaba ya ɗaga, da dare kuma fitilu su riƙa haska sama. An ba ni shawarar in sa mata jakunkunan iska, wai suna ɗaukar fiye da tan 2. Shin idan na sa, zan iya kai lodina buhu 18? Daga mai karatu a Bichi.

Amsa: Malam, wanda ya ba ka shawarar ya faɗi rabin gaskiya ne, sauran rabin kuwa shi ne wanda zai iya cinye maka mota. Waɗannan jakunkuna, waɗanda ba su da alaƙa da jakar da ke fashewa a sitiyari lokacin haɗari, roba ce mai kauri da ake ɗaurawa tsakanin shasi da aksil ɗin baya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a hura musu iska ta bawul irin na taya. Aikinsu shi ne su tallafa wa sifirin, su ɗago bayan mota ta daidaita. Lissafin da aka faɗa maka yana da asali, domin kamfanonin Amurka irin su Air Lift da Firestone suna rubuta cewa manyan jakunkunansu na iya tallafar nauyin da ya kai fam 5,000, wato kusan kilo 2,270. Sai dai wannan ƙarfin jakar ne ita kaɗai, ba ƙarfin motarka ba, kuma su kansu kamfanonin suna gargaɗi a takardunsu cewa kada a wuce nauyin da maƙerin mota ya ƙayyade.

Bari mu yi lissafin tare. Abin da Hilux ke iya ɗauka yana kusa da tan 1 ne, wani ƙirar ya ɗan haura, wani ya gaza, kuma a cikin wannan adadin har da kai direba, da yaron mota, da duk wani ƙarfen da aka walda a bodi. Buhu 12 masu kilo 100 sun kai kilo 1,200 tun kafin ka zauna a kujera, ballantana ma kowa ya san buhun ƙauye da aka danna da gwiwa aka ɗinke bakinsa da kyar ba ya tsayawa a kilo 100. Ashe ke nan zaman da bayan motarka ke yi ba lalacewa ba ce, kuka take yi maka cewa an wuce gona da iri. Idan ka hura jaka motar ta miƙe, ka toshe mata baki ne kawai, alhali birki da taya da aksil suna nan yadda suke, suna ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsu.

Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Sifirin yana riƙe da shasi ne a wuri biyu, gaba da baya, saboda haka yana raba nauyi. Jaka kuwa a wuri ɗaya take tokare shasi, daidai saman aksil. A mota mai ƙofa huɗu, yawancin bodi yana bayan tayoyin baya ne, don haka idan aka cika jaka da iska, aka jibga kaya har kan ƙofar baya, sannan aka faɗa rami da gudu, shasin na iya lanƙwashewa a tsakanin gidan direba da bodi, kamar sandar da aka ɗora a gwiwa aka danna. Wannan matsala sananniya ce a Ostareliya, inda ake yawan amfani da irin waɗannan motoci a hanyoyin daji. Ƙari a kan haka, tsofaffin Hilux suna da wani bawul a baya da ke auna yadda mota ta zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon lodi. Idan jaka ta ɗago motar, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya a ciki, ya rage wa birkin baya ƙarfi a daidai lokacin da ka fi bukatarsa.

Shawarata ita ce ka manta da buhu 18. Duba ƙaramin faranti ko takardar da ke jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar, ka ga iyakar nauyinta, ka hau sikelin manyan motoci babu kaya, ka cire nauyin da sikelin ya nuna daga wannan iyakar. Da wuya abin da ya rage ya wuce buhu 8 ko 9. Idan ka tsaya a nan, ka jera buhunan kusa da gidan direba, amma har yanzu bayan yana zama, to a lokacin ne jakar za ta yi maka amfani na gaske: fitilu su dawo kan titi, sitiyari ya daina yin sakayau, motar ta rage dukan ƙasa a gargada.

Tambaya: Makanikina ya ce in bar zancen jaka, ya ƙara min ganyen sifirin biyu a kowane gefe. Ni siminti da bulo nake ɗauka kusan kullum. Wanne ya fi? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: A naka yanayin, Malam, ina bayan makanikinka. Fa'idar jaka ita ce ana ƙara mata iska ana ragewa, don haka ta fi dacewa da wanda yau zai ɗauki kaya, gobe ya ɗauki iyali zuwa biki. Wanda motarsa ba ta rabuwa da lodi ba ya bukatar wannan sassauci, sifirin mai ƙarfi ya fi masa, ga shi ba ya hujewa, kuma duk garin da ya karye za a samu mai gyara. Jakar kuwa daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala, idan ta fashe a hanya ba faci ake yi mata ba. Illar ƙarin ganye ita ce motar za ta yi tauri idan babu kaya, ta riƙa tsalle kamar amalanke. Kafin ka kashe ko sisi, a duba ko tsohon sifirin ne ya gaji ya miƙe, a duba shokozoba, domin sau da yawa canza su kawai ya wadatar. Ka kuma tuna cewa buhun siminti 20 tan 1 ne cif, kuma ƙarin ganye ma bai canza wannan iyaka ba. Taya ma tana da tata iyakar, duba lambar da ke jikin tayarka bayan girmanta, mai nuna nauyin da za ta iya ɗauka: 112 na nufin kilo 1,120 ga taya ɗaya, 104 kuwa kilo 900 ne.

Tambaya: Na riga na saya. Sai na haɗa da injin hura iska? Kuma mai ɗaurawa ya ce zai haɗa jakunkunan biyu a tiyo ɗaya don sauƙi. Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Injin ba dole ba ne, famfon hannu ko mai faci ya isa, domin jakar ba ta cin iska da yawa. Amma kada ka yarda da tiyo ɗaya, musamman idan kana jera kaya da tsayi. Idan an haɗe su, duk lokacin da ka shiga kwana iska za ta gudu daga gefen da nauyi ya danna zuwa ɗaya gefen, motar ta ƙara karkata. A ba kowace jaka tiyonta da bawul ɗinta, a nisanta su daga salansa, kuma a tabbatar an sa ƙarfen kare zafi idan ya zo a cikin kwalin.

Yawancin irin waɗannan jakunkuna suna aiki ne tsakanin awo 5 zuwa 100 a gejin mai faci, amma ka bi abin da takardar taka ta ce. Kada ka bar su babu iska ko da motar ba ta ɗauke da komai, domin robar za ta naɗe ta cinye kanta. Ka auna tsayin daga ƙasa zuwa bakin bodi kafin lodi, bayan lodi ka hura a hankali har ta kusa komawa wannan tsayin, kada ta wuce. Ranar da aka ɗaura, ka shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar tiyo ka ga ko zai yi kumfa, washegari da safe kuma ka sake sa geji kafin ka tada mota.