Takardun Talla Sun Cika Mini Akwati

Tambaya: Anti, kullum akwatin wasiƙuna cike da takardun talla. Jiya saura ƙiris in zubar da takardar asibitin mahaifiyata a cikinsu. Ina mafita?

Amsa: Sannu, ƙanwata, na san wannan takaicin. Fara duba ambulan. Idan babu sunanki a kai, masu rabawa gida-gida ne, sai ki manna sanarwa a jikin akwatin cewa ba kya son talla. Masu ɗauke da sunanki su suka fi damuna, domin wani ya sayar ko ya raba adireshinki. Rubuta wa kamfanin su cire ki daga jerinsu. Sai haƙuri fa, yakan ɗauki makonni. Kuma duk fom ɗin da za ki cike, nemi ɗan gurbin ƙin karɓar talla ki sa masa alama.