Hoton bangon Birni yana fita a koɗe: laifin salula ne?

Tambaya: Malam, nakan zaga Birni, tsohuwar unguwar Damagaram (Zinder), da Tecno ɗina ina ɗaukar hoton gidaje masu zane, amma launin sai ya fito a koɗe, zanen ma da ƙyar ake ganinsa. Ko sai na canza salula? Daga wata mai karatu a Zango.

Amsa: Malama, riƙe kuɗinki tukuna. Yawancin zanen gidajen Birni magina ne suka tayar da shi a jikin bango, yana da tudu da kwari, kuma inuwa ce ke fito da shi. Idan rana tana bayanki tana dukan bangon kai tsaye, inuwar ta ɓace, dagin da aka sha wahalar zanawa ya koma shafaffe. Ki nemi lokacin da hasken ke zuwa daga gefe. Bangon da ke kallon kudu ko arewa, da hantsi ko bayan la'asar ya fi kyau. Tsakar rana kuwa zafin haske ne ke cinye ja da shuɗi.

Kafin ki danna, ki taɓa bangon a fuskar salular. Alamar rana za ta fito, ki ja ta ki rage hasken kaɗan, nan take launi zai dawo. Idan rabin lungun inuwa ne, ki kunna HDR, wato tsarin kamara mai daidaita haske da inuwa. Ki kunna layukan da ke raba fuska gida 9 don zankwaye su tsaya daidai, kada gidan ya fito kamar zai faɗi baya.

Ban da jawo hoto da yatsu. A yawancin ƙananan salula yanke hoton kawai ake yi. Ki tako kusa, musamman ga tsofaffin ƙyamare da kan ƙofar zaure, inda na fi ganin gwanintar maginanmu. Da hunturu ki riƙa goge idon kamara da tsumma mai laushi, ƙura kaɗan ta isa ta dusashe komai.

Gidajen nan da mutane a ciki, ki yi sallama ki nemi izini. A ƙofar fadar Sarkin Damagaram ki fara gaida dogarai.

Tambaya: Me ya sa hoton ke lalacewa idan na tura a WhatsApp?

Amsa: Matse shi yake yi don ya rage nauyi. Ka zaɓi HD kafin ka tura don a rage matsewar, ko ka aika shi a matsayin fayil, ta nan ne zai isa yadda ka ɗauke shi, sai dai zai fi cin data.