Hukuncin goge baƙin dasashi da hasken leza

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni budurwa ce a Agege, Legas, an sa ranar aurena bayan Babbar Salla. Tun ina ƙarama dasashina baƙi ne, kuma da na yi dariya duk sai ya bayyana. Ƙawayena sun sa ni gaba da tsokana, har ta kai in za a ɗauki hoto sai na kare bakina da gefen mayafi. Na ga tallan wani asibitin haƙori can wajen Lekki, wai a zama ɗaya suke mayar da dasashi jajir da hasken leza. Ya halatta in je? Yayana ma yana tambaya. Shi da nasa ba haka yake ba, taba ce da ya daɗe yana sha ta sa ya yi dabbare-dabbare, amma yanzu ya daina.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Ke da yayanki asibiti ɗaya kuke nufi, amma hukuncinku ba ɗaya ba ne.

Mu fara da sanin abin kansa, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gane ba. Baƙin dasashin da aka haifi mutum da shi ba ciwo ba ne, kuma ba datti ba ne da asuwaki ya kasa fitarwa. Sinadarin melanin ne, wanda shi ne dai ya ba fatar jikinki launinta, kuma abu ne gama-gari a tsakanin baƙar fata. Ki tsaya bakin kasuwar Mile 12 da safe ki dubi masu sauke buhunan albasa suna raha, za ki ga irin dasashinki ba iyaka. Aikin da likitan haƙori ke yi kuwa shi ne ya yi allurar kashe zafi, sannan ya ƙone fatar saman dasashin da leza, ko ya kankare ta da aska ta tiyata, a bar wurin ya warke da sabuwar fata mai haske. Ciwo ne ake ji wa lafiyayyen nama da gangan. Kuma su kansu likitocin sun san baƙin yakan dawo, wani bayan watanni, wani bayan shekaru. Idan hannun bai ƙware ba, dasashi na iya janyewa ya bar saiwar haƙori a waje.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi, cewa Allah ya la'anci masu yin jarfa da masu neman a yi musu, da masu tsige gira, da masu gurza haƙora su yi wushirya don ado, masu canza halittar Allah. A Suratun Nisa'i, aya ta 119, Shaiɗan ne ya yi alkawarin zai umarci 'yan Adam su canza halittar Allah.

Akwai wani wuri da nake so ki tsaya a kansa. A ruwayar Bukhari ta hadisin Abdullahi ɗan Umar a kan jarfa, Nafi'u, wanda ya ruwaito hadisin daga gare shi, ya yi ƙarin bayani ya ce jarfar a dasashi ake yi. Kin ji? Matan Larabawa na wancan zamani huda dasashi suke yi su cusa baƙi a ciki, domin a wurinsu duhun dasashi shi ke fito da farin haƙori. Har gobe akwai wuraren da ake wannan al'ada a Afirka ta Yamma. Abin da ake miki dariya a kansa, wasu sun sha zafin allura don su samu. Shari'a ta hana waɗancan su baƙanta abin da Allah ya yi shi ja, ta yaya za ta yarje miki ki ƙone abin da ya yi shi baƙi? Yayi ne ya juya, dalilin hanin yana nan inda yake. Kuma a Suratur Rum, aya ta 22, Allah ya lissafa saɓanin launukanmu cikin ayoyinsa, tare da halittar sammai da ƙasa.

Don haka abin da ya rinjaya a wurina, goge baƙin dasashi na halitta don neman ƙarin kyau bai halatta ba.

Na san za a ce ai launin yana dawowa, ashe kamar lalle ne ko kwalli. Ba haka ba ne. Lalle a kan fata ake ɗora shi, ya koɗe ya bar ta yadda ya same ta. Nan kuwa fatar ake cirewa. Gashin gira ma ai yana sake tsirowa, bai fitar da mai tsige shi daga hadisin ba. Dawowar baƙin ma hujja ce a kan aikin: kuɗi sun tafi, an sha zafi, an koma gidan jiya.

Za a kuma ce damuwar zuciya ita ma cuta ce. Gaskiya ne, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta tiyatar gyaran aibi na halitta da wanda ya faru daga baya, idan barinsa na cutar da mutum a jiki ko a zuci. Amma a zama guda ta hana taɓa lafiyayyar gaɓa don bin son rai ko kwaikwayon wasu. Leɓen da aka haifa a tsage aibi ne. Launin da dubban mutanenki suke da shi ba aibi ba ne, ko da ƙawaye sun mayar da shi abin tsokana. Su ne ma ya kamata su ji tsoron Allah, don Suratul Hujurat, aya ta 11, ta ambaci mata ƙarara ta hana su yi wa juna izgili.

In kuma angon ne ya nema, amsar ba ta canza ba. Wata mata Ba'ansariya ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce gashin 'yarta ya zube, mijin kuma ya ce a yi mata ƙari, Annabi ya hana. Ni dai ban taɓa jin auren da launin dasashi ya kashe ba, a duk shekarun da na yi ana kawo mini ƙarar ma'aurata a garin nan.

Yayanki kuwa nasa daban ne. Ba da wannan launin aka halicce shi ba, hayaƙin taba ne ya jawo. Haka wanda wasu magunguna suka baƙanta masa dasashi, irin su wasu na zazzaɓin cizon sauro idan aka daɗe ana sha, ko wanda cikon haƙori na ƙarfe ya bar masa tabo, ko wadda aka yi wa jarfa tana yarinya. Waɗannan mayar da halitta asalinta suke yi. Imam Nawawi ya ce kalmar "don ado" da ke cikin hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud ta nuna in don magani ne ko wani aibi a haƙori, babu laifi. Arfaja ɗan As'ad da aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi da kansa ya umarce shi ya sa na zinare. Don haka ya halatta ga yayanki, in likita mai rajista ya tabbatar amfanin ya fi cutarwar. Sai dai kada ya yi gaggawar kashe kuɗinsa, domin baƙin taba yakan ragu da kansa a hankali bayan an daina.

Abu ɗaya zan ja kunnensa a kai, da duk mai karanta wannan. Baƙin da ya fito daga baya, musamman tabo guda da ke girma, ko yake canza kama, ko yake zubar da jini, ba wajen masu ado ake fara kai shi ba. Yana iya zama alamar wata cuta a jiki, wani lokaci ma, ko da yake ba kasafai ba, ciwon daji ne. Ƙone shi kafin a bincika ɓoye shaida ne. Sai ya fara zuwa sashen haƙori na asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja a duba shi. Ke kuma in kina son shirin biki, je ki a wanke miki haƙora a cire dattin da ya daskare a gindinsu, wannan tsafta ce, ba wanda ya hana.

Wallahu a'alam.