Zanen da ya shekara ɗari huɗu da ɗoriya a waje

Ka tambaye ni, ɗana, me ya hana zanen cocin nan da ka nuna mini a waya ɓarewa, alhali namu damina biyu ta ishe shi. Ajiye burushin ka zauna.

Cocin ƙauyen Voroneț ne, a arewacin Romaniya. Sarkin yankin na lokacin, Stefan, ya gina shi a 1488, zanen waje kuwa sai a 1547. Tun lokacin yake shan ruwa da dusar ƙanƙara.

Mu sai bango ya bushe ƙayau muke shafa fenti, shi ya sa yake zama kamar riga, ruwa na samun kafa ya tuɓe ta. Su kuwa farar ƙasa suke ƙonawa, su jiƙa ta ta kwanta, su kwaɓa da zare-zaren tsiro kamar yadda muke zuba ciyawa a ƙasar gini. Tun filastar tana ɗanya ake zane. Da ta fara shan iska sai ta koma dutse, launin na ciki. Saboda haka ba a yaɓa fiye da abin da hannu zai gama kafin ta ƙame. In ka kuskure, sai dai ka kankare ka sake.

Shuɗin da ya ɗauke maka ido kuwa daga wani dutse ne, azurait. Niƙa shi ake yi, amma in ya yi laushi da yawa sai ya koɗe. Nan ake gane gwani.

Matso da hoton bangon yamma. Ranar alƙiyama ce yadda Kiristocin can suka zana ta: ga ma'auni, ga jan kogin wuta yana gangarowa, mala'iku na busa dogon ƙahon makiyayan ƙasar, kai ka ce kakaki. Dubi nan gefe, namun daji suna maido da gaɓoɓin mutanen da suka cinye. Manomin da bai yi karatu ba, in ya tsaya gaban bangon nan ya ji wa'azi.

Kada ka ɗauka duk aikin mai zane ne. Ka ga yadda rufin ya zarto waje kamar malfa? Kafinta ma yana da nasa kaso. Bangon arewa, inda iska ke jifa da ruwa, yawancin zanensa ya goge.

Tashi ka yayyafa wa bangon can ruwa, rana ta fara yi.