Amsar tambayarka game da motar da ke cikin leda

Yarona, ranar Asabar da muke juyen mai a baƙar Dodge Challenger ɗin nan ta attajirin da ke ajiyarta a garejinmu, ka leƙa ciki ka ga har yanzu ledar kamfani na kan kujerunta, takardar farashi na manne a gilashi, agogon mil kuma bai kai hamsin ba, sai ka ce mini: "Maigida, shin nan da shekara talatin wannan mota za ta kai miliyoyin daloli kamar yadda tsofaffin suka kai?" Na ce ka bari mu gama, domin tambaya ce da ba ta amsuwa mutum na tsaye da sifana a hannu. Ga amsar a rubuce, ka karanta a natse.

Motoci masu ƙwanji, wato matsakaitan motocin Amurka da aka cusa wa ƙaton inji mai silinda takwas, yawancin masana suna fara lissafinsu ne daga Pontiac GTO ta 1964. Zamanin nasu na farko bai yi tsawo ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi a kan samarin da ke tuƙa su, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta wa masu ƙera motoci rage ƙarfin inji, sannan takunkumin man fetur na 1973 ya zo ya ƙarasa su. Daga nan suka zama motocin da ba wanda yake so, ana sayar da su da arha ga yaran makaranta, waɗanda suka yi ta tsere da su har suka farfasa injinan ko suka kife a hanya. Waɗanda suka tsira daga hannun yara kuma, gishirin da ake watsawa a titunan jihohin arewa lokacin ƙanƙara ya cinye ƙasansu da tsatsa. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen amsar: tsofaffin sun yi tsada ne saboda a lokacinsu babu wanda ya yi tunanin adana su.

Ɗauki Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai rufin da ake naɗewa, wadda aka sayar da guda ɗaya a gwanjon Mecum na birnin Siyatil a 2014 kan dala miliyan 3.5. Waɗanda aka ƙera a shekarar ba su wuce goma sha biyu ba, amma fa ba kamfanin ne ya ƙayyade adadin ba. Injin Hemi kaɗai yana ƙara kusan dala 900 a kan farashin motar, ga inshora mai nauyi, don haka mutane kaɗan ne suka nema, kuma abin da aka nema shi aka ƙera. Haka Chevrolet Camaro ZL1 ta 1969, wadda aka yi guda 69 da injin alminiyam: kuɗin injin, dala 4,160, ya fi kuɗin ita kanta Camaro ta yau da kullum, har dillalin da ya yi odar hamsin daga ciki, Fred Gibb na jihar Ilinoi, ya kasa sayar da mafi yawansu. Plymouth Superbird ta 1970 mai dogon hanci da ƙaton fiffike a baya, an yi ta ne kawai don a cika sharaɗin shiga tseren motoci na Amurka da ake kira NASCAR, ba ta kai guda 2,000 ba, amma ta daɗe a filayen dillalai ana wuce ta, har wasu suka cire hancin da fiffiken ko za ta samu mai saye. Yau duk wanda ya cire su a lokacin, jikokinsa na cizon yatsa.

Yanzu ka dubi abin da ya faru a lokutan da mutane suka shirya wa tsadar tun daga ranar saye. A 1976 aka tallata Cadillac Eldorado a matsayin motar Amurka ta ƙarshe mai buɗaɗɗen rufi, jama'a suka yi rububinta, aka ƙera kimanin 14,000, da yawa suka kulle tasu a ɗaki suna jiran riba. A 1984 kamfanin ya dawo da irin wannan ƙira. A 1978 kuma aka fitar da Corvette mai fentin motar da ke jagorantar tseren Indianapolis, guda 6,502, mutane suka biya fiye da farashin kamfani suka ajiye. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, har gobe ba a rasa irinta a gwanjo da ƙaramin mil, kuma kuɗin da take kawowa, idan ka cire faɗuwar darajar dala da ɗawainiyar ajiya, ba abin da za a yi wa guɗa ba ne. Na san waɗannan biyun ba masu ƙwanji ba ne a ainihin ma'anar kalmar, amma ciwon ɗaya ne: kowa ya ajiye, saboda haka ranar sayarwa kowa yana da irinta.

Ba zan ɓoye maka wadda ta saɓa wa wannan ba. Buick GNX ta 1987 an sanar da ƙarancinta tun farko, an kuma adana ta da yawa, duk da haka ta yi tsada, har an sayar da marasa mil a kan dala 200,000 da sama. Sai dai guda 547 ne kacal, ta kasance cikin motocin da suka fi gudu a zamanin da motocin Amurka suka yi laƙwas, kuma bayanta ba a sake yin wata ba.

To, mu dawo kan ta cikin ledar. Ita ce Challenger SRT Demon 170 ta 2023, mai ƙarfin doki 1,025 idan an zuba mata man E85, wato gaurayen fetur da giyar masara, farashin kamfani dala 96,666, an kuma ce ba za a ƙera fiye da 3,300 ba. A watan Disambar 2023 aka daina ƙera Challenger a masana'antar Brampton ta Kanada, a watan ne kuma aka rufe layin Camaro. Waɗannan duka suna gefenta, kuma ina ganin za ta riƙe darajarta fiye da Challenger ta gama-gari nesa ba kusa ba. Amma ka ajiye 3,300 kusa da goma sha biyu ka duba. Sannan ka tuna cewa a cikin goma sha biyun can babu wadda aka naɗe a leda, alhali a cikin dubu ukun nan, ko a ɗan zagayen garejojin da na sani, waɗanda ke kwance a ƙarƙashin mayafi sun fi waɗanda ke kan titi. Nan da shekara talatin mai neman Demon 170 maras mil zai samu goma ya zaɓa, kuma mai zaɓi ba ya biyan kuɗin mai matsuwa.

Akwai kuma maganar alkawarin kamfani. Waɗanda suka sayi Demon ta 2018, ita ma guda 3,300 mai ƙarfin doki 840, sun ɗauka sun riƙe ƙololuwa, bayan shekara biyar aka fito da wadda ta fi ta. Dodge Durango Hellcat an ce ta shekarar 2021 ce kaɗai, sai ga ta ta dawo a 2023, har wasu masu ta farkon suka kai ƙara kotu. Injin Hemi da aka cire daga motar ɗaukar kaya ta Ram 1500, a 2025 aka sanar da dawo da shi. Kamfani yana ƙera abin da kasuwa ke nema ne, kalmar "ta ƙarshe" kuwa daga ofishin talla take fitowa.

Ga lissafin da masu saye ba su cika yi ba. Da yawa ba su samu motar a farashin kamfani ba, dillalai sun ɗora musu dubban daloli a kai, wanda hakan ke nufin sun biya ribar shekaru masu zuwa tun ranar farko. Daga nan sai inshora kowace shekara, kuɗin ɗakin ajiya maras danshi, kuɗin aikinmu, sannan ranar sayarwa gidan gwanjo ya yanki kasonsa. Kasuwar ma ba ta tafiya a miƙe: farashin tsofaffin masu ƙwanji ya yi tashin gwauron zabi zuwa 2006 da 2007, rikicin tattalin arziki na 2008 ya zo ya kayar da shi, waɗanda suka saya da bashi suka sayar da hasara. Masu zuba miliyoyi a kan 'Cuda da Chevrolet Chevelle mutane ne da suka yi sha'awarsu suna samari ba su da ko sisi, suka tsufa da kuɗi suka dawo neman ƙuruciyarsu. Don haka mai sayen motar nan ta gaba shi ne yaron da yau yake shekara goma sha biyar, kuma darajarta tana rataye ne a kan ko ita yake mafarki.

Da ni ne mai kuɗin, da na fi karkata ga motocin da labarinsu ya yi kama da na tsofaffin. Camaro Z/28 ta 2014 da 2015 tana da injin lita 7 maras na'urar cusa iska, giyar hannu kawai, babu na'urar sanyaya ɗaki sai an yi oda, farashinta dala 75,000, kuma ta yi kwantai a wurin dillalai saboda tsada da taurin tuƙi. Da kuma na duba Ford Shelby GT350R ta 2015, wadda aka yi guda 37. Giyar hannu tana ɓacewa daga sababbin motoci, abin da ke ɓacewa kuwa shi ake nema daga baya. Wannan ra'ayina ne na bakanike, hangen Dala ba shiga birni ba ne, kada ka je ka ce wa wani na ba shi tabbaci.

Abin da ya fi shafarmu ni da kai shi ne abin da zama ke yi wa mota. Mutane suna zaton mota maras mil sabuwa ce, mu da muke buɗe su mun san ba haka ba ne. Robobin da ke riƙe mai suna bushewa su tsage idan mai bai zagaya su ba, man birki yana jan ruwa daga iska ya sa tsatsa a cikin bututu, tayoyi suna lotsawa a gefen da suka zauna, ɓeraye kuma suna shiga ƙarƙashin bonet su ci wayoyi. Man E85 ya fi muni a ajiya, domin yawancinsa giyar masara ce mai shan danshi. Sannan akwai matsalar da tsofaffin ba su da ita: Chevelle ta 1970 kana iya tayar da ita da kafireto, fulogi da batir ko bayan shekara arba'in a rumbu, amma Demon tana tafiya ne da ƙwaƙwalwar kwamfuta da na'urori masu yawa da ke magana da juna, kuma ranar da ɗaya ta mutu bayan kamfani ya daina yin ta, za a sha wuya kafin motar ta motsa. Tayar da inji na minti biyar a tsaye, wanda masu ajiya ke yawan yi, ɓarna yake ƙarawa, saboda yana tara ruwa a salansa da cikin mai ba tare da zafin ya kai ya ƙone shi ba. Ko dai a fita da ita ta yi zafi sosai, ko a bar ta.

Sai takardu, waɗanda a wannan kasuwa sukan fi fenti daraja. Shekarun baya na cire kujerar baya ta wata tsohuwar Plymouth, sai na ga takarda a soke tsakanin wayoyin kushin, ta yi ruwan ƙasa, tana karyewa kamar busasshen ganye. Takardar haɗa mota ce da ma'aikatan masana'anta suka bari, mai ɗauke da lambobin duk abin da aka sa mata. Da hantsaki na zaro ta, na sa a leda, kuma ita ce ta tabbatar da cewa injin da ke ciki shi ne nata na asali. Da wani yaron gareji ne, da ya jefa ta a shara tare da ƙurar kafet. Masu Ford suna da rahoton Marti, masu Pontiac suna da kundin PHS, duka biyun bayanan masana'anta ne da ke nuna yadda kowace mota ta fito, amma bayanan yawancin Chevrolet na wancan zamani ba su tsira ba, shi ya sa Chevelle na jabu masu iƙirarin injin LS6, wato mafi ƙarfin injinanta, suka cika kasuwa. Saboda haka duk motar da ta shigo hannunka, ka gwada lambar shasi da wadda aka buga a jikin inji da giya kafin ka yarda da bakin mai ita. Kada ka jefar da noti ko ƙusa ta asali, ko ta lalace, ka sa a leda ka rubuta inda ta fito. Kada ka yi wa fentin kamfani gyaran da ba a nema ba. Kuma idan wani ya ce ka buga masa lamba a inji, ka nuna masa ƙofa.

Ranar Litinin idan Allah ya kai mu, ka zuƙe E85 ɗin da ke tankin baƙar motar ka zuba mata fetur mai kyau, ka gwada man birki, ka jona batir da na'urar caji ta ajiya, ka ƙara wa tayoyi iska, ka duba ƙarƙashin bonet ko akwai kashin ɓera. Ka rubuta kwanan wata da adadin mil a littafinta, ka haɗa da rasit. Ni kuma zan kira mai ita in roƙe shi ya bari mu fita da ita mil ashirin, ko da ya ga agogon ya motsa ransa zai ɓaci.