Hafsan sojan ko-ta-kwana da lasisin bindiga

Ka tambaya ko zama hafsa a rundunar ko-ta-kwana (wato sojojin da ba kullum suke bakin aiki ba, sai an kira su) ya isa mutum ya riƙe bindigar kansa ba tare da lasisi ba. A'a ɗan'uwa, bai isa ba. Bindigar da suke ba ka lokacin atisaye ko aiki ta gwamnati ce, kana gamawa ka sa hannu ka mayar ma'ajiyar makamai, amma wadda za ka saya da kuɗinka ka ajiye a gida, wannan kam dokar farar hula ce ke kanta, sai ka cike fom a bincike ka kamar kowa. Ko a Amurka ma katin shaidar soja ba ya zama izinin ɗaukar bindiga a ɓoye, dokar jihar da kake ce za ta yi aiki, wasu jihohin dai sukan ɗauke maka kwas ɗin koyon harbi tunda ka riga ka yi. Siwizalan na cikin ƙasashen da ke barin sojojinsu su tafi gida da bindigar aiki, su ma tun 2007 aka daina ba su harsashi su ajiye a gida.

Abin da na gani da idona, ko ka samu lasisin kar ka kuskura ka shiga bariki da ita haka kawai, wani abokin aikinmu ya manta tasa a cikin mota aka gano a bakin get, wallahi sai da ya kwashe makonni yana rubuta bayani ga kwamanda, ga lasisinsa kuma lafiya lau a aljihu.